Tambaya da Amsa: Yadda Ake Buga Hoto da Katako a Turai ta Dā

Tambaya: Na ga hoton mahaya dawakai huɗu na Albrecht Dürer, aka ce da katako aka buga shi. Ta yaya katako zai fitar da layi siriri kamar gashi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, hoton yana cikin guda 15 da Dürer, mai zane Bajamushe, ya fitar a Nuremberg ta Jamus a 1498, a kan Ru'ya ta Yohanna, littafin ƙarshe na Baibul. Aikin kamar na hatimi ne: abin da aka bari a tsaye shi ke ɗaukar tawada, abin da aka ƙwaƙule kuma ya fito fari.

Akan tsaga allo bisa tsawon itace, yawanci fiya irin ta Turai saboda ƙwayarta a matse take, a busar, a goge ya yi sumul. Sai a zana hoton a juye, domin dama kan koma hagu a takarda. Sau da yawa ba mai zanen ke yanka ba, akwai masassaƙa da sana'arsu ke nan.

Sirrin yana wajen riƙon wuƙa. Kowane layi ana yanka gefensa biyu a karkace, gindi da faɗi, kai siriri, kamar kunya a gona. Idan wuƙa ta shiga ƙarƙashin layin, gindinsa ya rage ƙarfi, matsin na'urar bugawa na sauka sai ya ɓalle. Gyaransa sai an huda wurin, a cusa sabon guntun katako, a sake yanka. Manyan filaye kuwa da kurfi ake kwashe su. Abin da ya fi burge mu shi ne babu ruwan toka ko kaɗan: duk inuwar nan layuka ne baƙaƙe, a matso su wuri ya yi duhu, a ware su ya yi haske.

Tawadar kunkunniya ce da dafaffen man linsid (man 'ya'yan wani tsiro mai suna flax), ana dangwala ta da ƙullin fata mai cushe da ulu. Ta yi yawa, ta cike tsakanin layuka. Takarda kuma sai an ɗan jiƙa ta, busasshiya ba ta kama tawada daidai.

Allo ɗaya kan ba da ɗaruruwan kwafi, shi ya sa talaka ma ya samu hoton waliyyi na mannawa a bango. Da allo ya tsufa yakan tsage, tsutsa ta huda shi, sai farin layi da fararen ɗigo su bayyana. Da su masana ke gane bugun baya.