Shin maganin neman haihuwa yana jawo ciwon daji a gidan ƙwai?

Tambaya: Salamu alaikum, likita. Shekarata biyar da aure ban samu haihuwa ba, kuma wata huɗu ke nan ina shan Clomid da aka rubuta mini a asibiti. Wata ƙawata ta ce yana kawo ciwon daji a gidan ƙwai. Shin in daina? Daga wata baiwar Allah a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah Ya ba ki zuri'a mai albarka. Kada ki daina sai kin koma wurin likitan da ya rubuta miki.

Maganar ƙawarki tana da tushe. A 1994 an fitar da wani bincike a Amurka da ya nuna cewa matan da suka sha wannan magani zagaye 12 ko fiye, wato na wata 12 ko fiye, sun fi kamuwa, sai dai cikin mata kusan 3,800 mutum 11 ne kawai aka samu da ƙari a gidan ƙwai, adadin da ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. Tsoron ya samu karɓuwa ne saboda tun 1971 likitan Masar Mahmoud Fathalla ya yi hasashen cewa duk fitar ƙwai tana barin ɗan rauni a bangon gidan ƙwai, alhali aikin maganin shi ne sa ƙwan ya fita. Amma da aka bi mata fiye da 54,000 a Danmak, sakamakon da ya fito a 2009 bai nuna maganin yana ƙara haɗarin ba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne rashin haihuwar kansa yana ƙara haɗarin, tun da ɗaukar ciki da shayarwa suna hutar da gidan ƙwai, saboda haka macen da ba ta taɓa haihuwa ba tana ɗauke da nata haɗarin ko ta sha magani ko ba ta sha ba. Shakkar da ta rage ta shafi wani ƙari mai sauƙi wanda bai cika yaɗuwa ba, an kuma fi ganinsa ga waɗanda aka yi wa dashen ɗan tayi.

Ni abin da ya fi damuna a nan garin shi ne matan da ke sayen ƙwayar wurin ƴan talla, su yi ta sha shekara da shekaru ba hoton ciki, ba a kuma taɓa auna maniyyin maigida ba. Ƙa'ida ita ce kada a wuce zagaye 6 ba tare da an sake dubawa ba, ke kuwa saura biyu. Idan mahaifiyarki ko ƴar'uwarki ta taɓa yin ciwon dajin nono ko na gidan ƙwai, ki sanar da likitanki, haka nan idan kumburin ciki, saurin ƙoshi ko ciwon mara suka ƙi tafiya har makonni.