Na tumɓuke tsohuwar tuffa na dasa sabuwa, ta ƙi girma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gonar tuffa da na gada, bishiyoyin sun haura shekara 25. Da 'ya'ya suka ja baya sai na tumɓuke su, na dasa sababbi a gurbin tsofaffin. Yau shekara biyu ke nan dashen ya tsumbure, ganyen ƙanana, rassan ba sa miƙewa. Na zuba taki, ruwa bai yanke ba, amma shiru. Abin da ya ɗaure min kai, 'yan ƙalilan da na dasa a gefen gona, inda ba a taɓa sa tuffa ba, sun kusa ninka su tsawo, alhali wuri ɗaya na sayo su. Ƙasar ce ta gaji, ko cuta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bishiyoyin nan na gefen gona sun riga sun ba ka rabin amsar. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya, bambancin kawai wurin da saiwa ta sauka. Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da abin da masana ke kira cutar sake dashe. Manoman Jamus suna ce mata gajiyar ƙasa, sunan da ya yi daidai da abin da ido ke gani, sai dai yana ɓatar da mutum, don wanda ya ji gajiya taki zai nema. Ga shi ka zuba, ka ga inda aka kwana.

Ƙasar da ke manne da saiwa gari ce guda. A cikin ɗan abin da bai wuce cikin cokali ba akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa, da naman gwari iri-iri, da wasu tsutsotsi da ido ba ya gani. Wasu suna taimakon bishiya wajen jawo abinci da ruwa, wasu suna tare mata abokan gaba, wasu kuma cin ta suke yi. Saiwa ce ke ciyar da wannan jama'a, domin kullum tana tsatso sukari da wasu sinadarai cikin ƙasa. Kowace shuka da irin abin da take fitarwa, saboda haka kowace shuka da irin jama'ar da take tarawa. Tuffa ta shekara 25 a wuri ɗaya tana zuba abinci iri ɗaya, waɗanda suka fi jin daɗinsa suka yi ta hayayyafa, sauran suka ja baya. Cikin waɗanda suka yi ƙarfi har da masu cin saiwar tuffa.

Mai karatu zai ce to me ya sa ba su kashe tsohuwar ba. Tsohuwar bishiya saiwarta ta yi kauri, ta nutsa, ta bazu. In an ci mata nan, tana da can. Sabon dashe kuwa 'yan siraran saiwoyi ne da shi masu laushi, kuma ka sauke shi tsakiyar rundunar da ta daɗe tana jira.

Rundunar ba mutum ɗaya ba ce, shi ya sa maganinta ke da wuya. Mark Mazzola, wanda a lokacin masani ne a sashen binciken noma na gwamnatin Amurka da ke Wenatchee a jihar Washinton, ya yi aiki mai yawa a kan wannan, kuma a 1998 ya nuna cewa a gonakin jihar cutar taron dangi ce. Akwai Rhizoctonia da Cylindrocarpon, waɗanda naman gwari ne. Akwai Pythium da Phytophthora, masu kama da naman gwari amma danginsu daban, su kuma ƙasa mai jiƙe suke so. Sannan ga wata 'yar tsutsa mai suna Pratylenchus penetrans da ke huda saiwa ta shiga ciki tana ci, ta bar ƙofa a buɗe ga sauran. Wanda ya fi yawa a wannan gona ba lallai shi ne ya fi yawa a waccan ba. Ka fesa maganin da ke kashe Pythium, Rhizoctonia ko a jikinsa. A wani aikin kuma ya nuna cewa ƙasar da aka daɗe ana noma alkama a cikinta, da aka sa mata tuffa, cikin shekara uku kacal jama'ar cikinta ta sauya, masu kare saiwa suka ragu, masu cuta suka ƙaru. Ke nan ba sai an yi shekara 25 ba.

Akwai kuma maganar sinadarai. Saiwar tuffa tana ɗauke da wani sinadari da ake kira fuloridzin, kuma guntayen saiwar da suka rage a ƙasa suna sakin sa yayin da suke ruɓewa. An daɗe ana zargin shi da hana sabon dashe girma. A ganina rawar da yake takawa ta biyu ce, domin in aka dafa ƙasar ko aka turara ta, dashe yakan miƙe, wanda ke nuna mai rai ne ke ɓarnar.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar. Tona gefen bishiya ɗaya mai rauni da ɗaya daga na gefen gona, ka wanke saiwoyin ka jera su. Lafiyayyar saiwa tana da gashi-gashi masu yawa, bakinsu fari. Mai cutar za ka gan ta ja-ja ko baƙa-baƙa, bakin ya ruɓe, gashin ya yi ƙaranci. A sama kuma tazarar da ke tsakanin ganye da ganye a reshe takan gajarce. Wata alamar ita ce rashin daidaito, nan bishiya ta ɗan yi kyau, kusa da ita wata ta tsaya cak. Cutar ba ta cika kashewa kai tsaye ba. Jinkirta 'ya'ya take yi da shekara biyu ko uku, ta rage yawansu da girmansu, a haka asarar ke taruwa.

Gwajin da na fi yarda da shi kana iya yin sa da kanka. Ɗebo ƙasa daga tsofaffin layuka wurare da yawa, ka gauraya, ka raba biyu. Rabi ka turara shi da tururin ruwa har zafi ya ratsa shi kamar awa guda, ka bar shi ya huce. Rabi ka bar shi yadda yake. Zuba a tukwane masu girma ɗaya, ka sa ƙananan tsiron tuffa masu tsawo ɗaya, ka ba su ruwa da taki daidai wa daida. Kada ka raina maganar takin nan, don dafa ƙasa yana sakin wani abinci da ke ɗaure a cikinta, in ba ka daidaita ba sai ka ɗauka cuta ce ka kashe alhali ciyarwa ka yi. Bayan mako shida zuwa takwas ka duba. In na dafaffiyar ƙasa sun yi wa sauran fintinƙau, ka kama ɓarawonka. In duk ɗaya suke, sai a koma kan tsamin ƙasa, ko taurin da ke hana saiwa nutsawa, ko kwanciyar ruwa. Waɗannan ma suna tsumburar da dashe, kuma sau da yawa tare suke tafiya da cutar.

Abin da ya fi sauƙi, wanda da ka tambaya tun farko da shi zan fara, shi ne kauce wa gurbin. Cutar ba ta yawo sosai, inda tsohuwar saiwa ta zauna nan take zama. Masu gonaki da yawa sukan mayar da sabon layi tsakiyar tsofaffin layuka, inda ciyawa take a da, kuma ana ganin bambanci. Sai a tsince duk guntun saiwar da aka iya. Barin gona ta huta shekara ɗaya ko biyu bai isa ba, an sha ganin cutar ta dawo bayan shekaru masu yawa. Kada kuma ka ce bari in sa dangin tuffa na kusa a gurbin, irin su fiyar Turai (pear, ba avocado ba), ka ɗauka ka tsira.

Na biyu, gindin da aka yi wa aure. Tuffar gona bishiya biyu ce a haɗe: saman da ke ba da 'ya'ya, da gindin da ke riƙe da ƙasa. Gindin ne ke fuskantar cutar. Sanannun gindin nan na tashar East Malling ta Ingila, musamman M.26, suna shan wahala a tsohuwar ƙasa, M.9 ma ba ta tsira ba. Waɗanda aka fitar a tashar Geneva da ke jihar New York, aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Cornell da gwamnatin Amurka, irin su G.41 da G.935 da G.210, sun fi juriya. Juriya na ce. Suna jin cutar, amma suna saurin fitar da sabuwar saiwa. Mai sayen dashe yakan tambayi sunan 'ya'yan ya manta da gindi, alhali a gona irin taka tambayar gindin ce ta fi muhimmanci.

Na uku, gyaran ƙasar kafin dashe. Shekaru da dama manyan gonaki sun dogara da turara ƙasa da iskar guba mai suna metil buromaid. Da aka gano tana lalata rufin ozon da ke sararin sama yana tare hasken rana mai cutarwa, Yarjejeniyar Montreal ta sa aka daina amfani da ita, a ƙasashe masu arziki daga 2005, a masu tasowa daga 2015. Akwai wasu da suka maye gurbinta, kamar kuloropikirin, kuma suna aiki. Amma guba ce mai haɗari, aikin ƙwararru ne masu izini, kuma ba ta tantance aboki da maƙiyi. Ta share gari ta bar shi kango, wanda ya riga dawowa shi ne sarki, kuma sau da yawa masu cutar ne ke rigaye.

Nan ne aikin Mazzola ya fi burge ni. Ya gwada tunkuzar irin mastad, wato abin da ke saura bayan an matse mai, aka haɗa ta nau'i biyu, aka cakuɗa da ƙasa. In ta jiƙe tana sakin sinadarin nan mai yaji da ke kashe tsutsotsi da wasu naman gwari, ragowar kuma ta zama abincin wasu ƙwayoyi masu amfani. A gwajin da aka yi a gonakin Washinton, bishiyoyin sun yi kafaɗa da kafaɗa da na ƙasar da aka turara da guba, wani wurin ma sun wuce su. Bayan kamar shekara biyu, ƙasar da aka turara ta koma irin jama'arta ta da, ita kuwa mai tunkuza ta riƙe sabuwar jama'arta, tsutsar ta kasa komawa da ƙarfi. Hattara dai: haɗa nau'in yana da dalili, don wata tunkuzar ita kaɗai ƙara wa Pythium ƙarfi take yi, kuma dashen da aka sa da wuri tunkuzar kan ƙone shi. Sai an jira, wani lokaci watanni.

Wata dabarar, da aka fara a Japan da Holan, ita ce a toshe wa ƙasa numfashi. A cakuɗa ta da abu mai saurin ruɓewa kamar dusar shinkafa ko ɗanyar ciyawa, a jiƙa ta sharkaf, a rufe da leda na 'yan makonni lokacin zafi. Ƙwayoyin ciki su cinye iskar, su saki tsami da wasu iskoki da masu cutar ba sa jurewa. Shuka furen Tagetes, wato marigold, kafin dashe ma yana rage tsutsar Pratylenchus. Su kuwa kwalaben "ƙwayoyi masu amfani" da ake tallatawa, ban hana ka gwadawa a layi ɗaya ba, amma baƙo kaɗan ba ya korar 'yan gari, kuma sakamakonsu a gona yau fari gobe tsumma.

Saura bishiyoyin da ke ƙasa yanzu. Duk dabarun nan na kafin dashe ne, ba a yin su da bishiya a tsaye. Abin da za ka iya shi ne rage musu nauyi. Cire furen bana da duk 'ya'yan da suka ƙulla, ƙarfin ya koma saiwa. Share ciyawa daga gindinsu, ka shimfiɗa ruɓaɓɓen takin gargajiya a sama ba tare da ya taɓa jikin itacen ba. Ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai, kada ya kwanta, don kwanciyar ruwa biki ce ga Pythium da Phytophthora. Takin zamani ma a raba shi ƙanana, saiwar da ta ji ciwo ba ta ɗaukar da yawa lokaci guda. Ka auna kaurin jikin kowace bishiya yanzu, ka ɗaura alama a wurin, ka sake aunawa ƙarshen kakar girma. Wadda ta ƙaru a bar ta. Wadda ta shiga shekara ta uku ba ta motsa ba, cire ta, ka gyara wurin, ka matsar da ramin, ka sa mai gindin da ya fi juriya.