Tambaya da Amsa: Tsakuwa da ƙarangiya sun hana ni gudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina fita gudu da asuba ta hanyar gonaki a bayan gari, to matsalata tsakuwa da yashi, ban yi kilomita 3 ba sai na tsaya na cire kambas na zazzage, ga ƙarangiya da take cika min safa in kaka ta yi. Dan Allah mene ne mafita? Daga mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya kar ka raina ƴar tsakuwar nan, ƙwara ɗaya in ta zauna ƙarƙashin diddige ga gumi ga gurza, kafin ka dawo gida ƙafa ta yi bororo, kuma in yashi ya haɗu da gumi a cikin safa to kamar sanfefa ne yake cin fata.

Abin da kake buƙata shi ne geta gajera, wani ɗan ƙyalle mai talewa da ake zurawa a ƙafa kafin a sa takalmi, ya kama saman idon sawu ya sauko ya rufe bakin takalmin, don ta nan ne mafi yawan dattin yake shiga. Gabanta akwai ƴar ƙugiya da ake maƙalawa a igiyar takalmi, baya kuma Velcro ne, abin nan mai manne kansa, ko wata igiya da take bi ta ƙarƙashin tafin takalmin. Ni dai na fi son mai Velcro, domin igiyar ƙasa duwatsu suna cinye ta da wuri.

In babu a kasuwa kai wa tela yadi mai santsi mai talewa irin na wandon ƴan ƙwallo, kar ka yarda ya sa auduga ko mai gashi-gashi, ƙarangiya tana son su sosai, sai ka zauna kana tsince ta ɗaya bayan ɗaya tana sukar yatsu. Ɗaya ɓarin Velcro ɗin kuma shumeka zai liƙa maka a bayan takalmi, ka goge wurin ya bushe tukuna, ka bar gam ɗin ya kwana.

Sai dai fa gajerar geta ba ta hana yashi mai laushi bi ta ragar saman kambas. Shi ya sa masu tseren Marathon des Sables, wanda aka fara a 1986 a saharar Maroko, kusan kilomita 250, suke ɗinka Velcro zagaye da takalmin gaba ɗaya su manna geta a kai ta rufe shi ruf. In hanyarka akwai rairayi mai zurfi nemi kambas mai matsattsen saƙa, in kuma tsakuwa ce da ƙarangiya kawai gajerar ta wadatar, ka dai gwada ta a ɗan gajeren gudu ka ga ko tana matse maka ƙafa.