Ruwa nawa ake zubawa a tukunyar matsi in za a turara kwalabe

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina so ki kashe ƙwayoyin cutar kwalabenki a tukunyar matsi, kina tambayar yawan ruwan da za ki zuba, da kuma ko sai ya shanye kansu. Kada ki bari ya rufe su. Ni ma da na fara haka na zata, don na saba da tafasa kwalba a buɗaɗɗiyar tukunya, inda dole ruwa ya haura murfi. A tukunyar matsi tururi ne ke aikin. Ruwa a buɗe ba ya wuce digiri 100 komai wutar da kika ba shi, amma in aka kulle tururi ya kai matsi 15 a agogon tukunyar, wato ma'aunin da ke nuna matsi, zafin kan kai digiri 121. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin da tafasa kaɗai ba ta iya musu.

Abin da nake bi shi ne zurfin inci 2 zuwa 3, wato santimita 5 zuwa 7 da rabi, kuma ina aunawa ne kafin in jera kwalabe, domin da sun shiga ruwan zai ɗaga ya ruɗe ki. Babbar tukunyar kamfanin Presto ma littafinta ya ce a zuba kusan lita 3, har da alama a jikinta ta ciki. In taki ta zo da littafi, maganarsa ce gaba da tawa.

Sai dai wannan awon na aikin da bai daɗe ba ne. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne in aikin zai kai awa ɗaya da rabi, domin duk lokacin da ɗan ƙarfen nan na kan murfi mai riƙe matsi ya yi rawa ya huce, ruwanki ne ke fita. Na taɓa ɗanɗana kuɗata a nan. Na zuba ruwan da bai fi inci ɗaya ba, na sakar mata wuta, na tafi harkar gabana. Can sai na lura ƙarar nan ta tsit-tsit ta ɗauke, wani ƙauri ya biyo baya kamar ana ƙona roba. Da ta huce na buɗe, gindin tukunyar ya bushe ƙayau, ya kumbura waje har ba ta zama daidai a kan murhu, kwalabe biyu sun tsage daga ƙasa, robar murfin kuma ta tashi daga aiki. Tun daga ranar, in aiki mai tsawo ne sai in cika inci 3, wani lokaci in ɗan ƙara, kuma da matsi ya kai sai in rage wuta, ƙarfen ya riƙa motsi a hankali. Wuta mai yawa ba ta ƙara zafin ciki, ruwa kawai take cinyewa.

Shawarar da na fi so ki ɗauka: ki gwada tukunyarki ba kwalba ko ɗaya. Ki auna ruwa da kofi, ki rufe, ki ba ta daidai lokacin da aikinki zai ci, ki bari ta huce, ki sake auna abin da ya rage. Kowace tukunya da irin shan ruwanta, musamman in robarta ta tsufa tana yoyon tururi ta gefe. In kin tarar da saura kamar inci ɗaya, kin samu awonki.

Yawan ruwa ma yana da nasa sharrin. Kwalaben da ba su da nauyi sai su tashi suna yawo, su kife, ruwa ya shiga ta murfi. Ni dai ba na bari ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayin kwalba, in ya yi yawa rabi.

Ki tabbata akwai faifan ƙarfen nan mai huji-huji a ƙasa, kada gilashi ya zauna kai tsaye a gindin tukunya. Kwalba mai sanyi kuma ruwa mai sanyi ko mai ɗumi take so, mai zafi ta shiga mai zafi, in ba haka ba sai ki ji ƙas. In ruwanku mai barin farin tabo ne, cokali biyu na ruwan khal a ciki yana hana shi.

Akwai abin da ya shafi lissafin ruwan da ake yawan mantawa. Kafin ki ɗora ƙarfen a kan bututun murfi da tururi ke fita ta cikinsa, ki bar tururi ya yi ta fita sosai na minti 10, don ya kori iskar da ke ciki. In iska ta maƙale, agogo zai nuna matsi ya kai alhali zafin bai kai ba. Wannan minti 10 ɗin shi ma ruwa yake ci, ki sa shi cikin gwajinki. Ƙirgen lokaci kuwa daga sanda matsi ya kai yake farawa, in ya sauka a tsakiya sai a sake daga farko.

In kin kashe wuta, ki ƙyale ta ta sauka da kanta har agogo ya koma sifiri. Kada ki watsa mata ruwan sanyi, kada ki ɗage ƙarfen don sauri, domin abin da ke cikin kwalabe zai tafaso ya fito. In za ki buɗe, ki karkata murfin ta can gaba, tururin ya fita nesa da fuskarki.