Adaftar ƙwan fitila mai araha: abin da ya same ni

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da kake shirin yi shi ne daidai abin da na yi. Ka ce holdojin gidan da ka koma, inda ake ɗaura ƙwan fitila, duk masu fin ne, wato B22, ƙwayayen LED ɗin da ka riga ka saya kuma masu murɗawa ne, E27, kana tambaya ko 'yan adaftocin nan masu araha za su yi maka ko akwai haɗari. Akwai haɗari. A ɗakin 'ya'yana na gan shi.

Guda shida na saya a lokaci ɗaya. Na tambayi mai sayarwa ko suna da inganci, ya ce in ɗauka kawai, ko wane irin ƙwai na ɗaura musu za su riƙe. Na ɗaura, wajen wata uku lafiya lau. Daga nan fitilar ɗakin yara ta fara ƙyafƙyaftawa. Na ɗauka ƙwan ne ya lalace, sai na cire shi na lalubo wani tsohon ƙwai mai zare na wat 100 da ke cikin durowa na sa. Ya kama da haske sosai, hankalina ya kwanta. Ashe ƙyafƙyaftawar nan gargaɗi ne, ƙarfen cikin adaftar ne ya saki.

Ƙaramar 'yata ba ta barci a duhu, don haka fitilar a kunne take kwana. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, maiɗakina ta tashe ni ta ce tana jin ƙauri. Wani irin ƙauri ne mai haɗe da ƙarni, ba irin na takarda ko tsumma ba. Muka duba kicin babu komai. Da na tura ƙofar yara sai na ji wata 'yar ƙara a sama, tsss, tsss. Ƙwan ya karkace gefe guda yana reto, farar robar ta koma baƙa, tana ɗiga. Ɗigo uku ne a kan bargo. Na kusa da ita bai fi taƙi ɗaya daga ƙafar yarinyar ba, ita kuwa tana ta barcinta, bakinta a buɗe. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙafar nan.

Na kashe makunni, maiɗakina ta kwashe yaran, ni kuma na jawo kujera na hau a cikin duhu don in cire abin. Na kama shi da tsumma, tsumman ya zame, yatsana ya taɓa ƙarfen gindin ƙwan, wuta ta fizge ni har kafaɗa na faɗo a kan gwiwar hannu. Makunni a kashe fa! Ina zaune a ƙasa hannuna yana rawa, yara suna kuka a falo, na rasa abin da ke faruwa. Sai da na je na kashe bireka, babban makunnin wutar gidan, gaba ɗaya, muka zauna da tocila har gari ya waye. Babu wanda ya sake runtsawa.

Da safe na kira mai gyaran wuta, shi ya warware mini komai. Abu na farko, wanda ya yi wayarin gidan ya ɗaura makunnin a kan nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) maimakon layif (wayar da ke kawo wuta), don haka ko ka kashe, wuta tana nan a holda tana jira. Na biyu kuma shi ne wanda nake so ka riƙe da kyau, don ya shafe ka kai tsaye. A holda mai murɗawa, ƙa'ida ita ce layif ya shiga ta ɗan ƙarfen da ke can tsakiyar gindi, nutural kuma ya bi ta zoben da ƙwan ke murɗuwa a ciki, saboda zoben ne hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. Ita kuwa B22 fin ɗinta biyu duk ɗaya ne, ta ko'ina ka juya za ta shiga. To in ka sa adaftar B22 zuwa E27, sa'a ce kawai: ko dai zoben ya faɗa kan nutural, ko ya faɗa kan layif, kai ba ka sani ba. Adafta mai kyau tana da bakin roba mai tsawo da ke rufe ƙarfen ƙwan gaba ɗaya. Tawa rabin ƙarfen a waje yake.

Sai ya fasa wata daga cikin sauran biyar ɗin a gabana. Wallahi ƙarfen ciki bai kai kaurin murfin gwangwani ba. Ya kanga masa maganaɗisu, ya manne caraf, alhali tagulla ba ta kama maganaɗisu. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Wayar da ta haɗa sama da ƙasa siririya kamar zare, ba a ma like ta da dalma ba, an dai matse ta ne kawai. Ya ce inda duk haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa, tartsatsi ya fara, zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, abin ya yi ta ƙaruwa. Na ce to me ya hana bireka faɗuwa? Ya ce bireka yawan wutar da ke wucewa take lura da shi, wat 100 kuwa bai kai rabin amfiya ba, ba ta da dalilin faɗuwa ko da robar tana ci. Ga shi ƙwai mai zare kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake zama, wani sashensa yana hawa sama cikin robar.

Na ƙulle narkakkiyar a leda na koma wurin mai sayarwa. Ba kuɗi na je nema ba, so nake ya gani. Ya juya ta a hannu ya ce, "Ai kai ka sa mata babban ƙwai." Na ce ba kai ka ce kowane iri za ta ɗauka ba? Nuna mini inda aka rubuta iyakarta. Babu komai a jiki, babu wat, babu bolt, babu sunan kamfani, ko kwali ba ta da shi. Ya ce shi ma saro su ya yi. Na gaya masa a kan gadon yara ta ɗiga, ko sannu bai ce ba, ya juya ga wani mai saye. Na yarda ina da nawa laifin, bai kamata in sa wancan ƙwan ba. Amma mutum ya ji an ce yara, fuskarsa ko motsi ba ta yi ba? Ina tsaye ya miƙa wa wani bawan Allah guda huɗu. Na ce wa mutumin kada ya saya, na nuna masa ledar, ya dube ni ya biya ya tafi. Wannan ya fi faɗuwar da na yi ciwo.

Shawarata, ka canza holdojin zuwa E27 ka huta. Aiki ne na 'yan mintuna ga wanda ya iya, kuma yana cikin yi sai ya duba maka da testa ko makunnanka a kan layif suke. In gidan haya ne ba ka son taɓa komai, ka mayar da ƙwayayen ka karɓo LED masu fin, ana yin su.

In kuma dole sai adaftar, aƙalla ka nemi wadda aka rubuta wat da bolt da sunan mai yi a jikinta, mai ɗan nauyi a hannu, ta tangaran ko ta roba mai jure zafi irin PBT. Tambarin CE, alamar cika ƙa'idar Turai, shi kaɗai kada ya ruɗe ka, kamfani ne da kansa yake bugawa. Ka murɗa ƙwan a ciki tun a hannu ka duba: in kana hango ƙarfensa, ajiye ta. Ka girgiza, in tana kwaram-kwaram, ajiye ta. LED kawai za ka sa, irin na wat 9 zuwa 12, kuma ka gaya wa mutanen gida kada wani ya yi abin da na yi ranar da ba ka nan. Ka tuna adafta tana ƙara wa ƙwai tsawo, zai iya zuwa ya jingina da murfin fitila. Banɗaki da waje kuwa kada ma ka fara.

Tun da an zo nan, don Allah masu sa irin adaftar nan mai ramin soket a gefe ku ji tsoron Allah. Na shiga wani gida na ga an jona dutsen guga a holdar fitila. Holda yawanci amfiya 2 zuwa 4 aka yi ta ta ɗauka, dutsen guga na wat 1000 a kan bolt 230 ya haura amfiya 4, butar lantarki ta wat 2000 kuwa ta kusa 9, kuma babu wayar ƙasa a wurin. Haka masu rassa uku huɗu da ake cika su da ƙwayaye, duk nauyin a kan 'yan fin biyu yake rataye.

Ban sani ba ko ka riga ka ɗaura wasu. In ka ɗaura, yau ka bar su a kunne awa ɗaya, ka kashe bireka, ba makunni ba, ka taɓa robar ka sansana. Wadda ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ta fara rawaya, ko fitilarta na ƙyaftawa, cire ta. Ka fara da ɗakin da yaranka ke kwana.