Na sabunta shafina, amma masu saye tsohon suke gani

Tambaya: Malam, ina da shafin sayar da kaya a intanet. Idan na canza adadin kayan da suka rage, ni ina ganin sabon, amma masu saye sai su ce tsohon suke gani, wani lokacin har washegari. Ina matsalar take?

Amsa: Shafinka ba kai tsaye yake isa ga mai saye ba. A hanya akwai masu ajiye kwafi don rage wa sabar (kwamfutar da shafinka yake zaune a kanta) nauyi: burauzar mutum, kamfanin rarraba shafuka irin su Cloudflare, da manhajar ajiya da ke kan sabar, kamar Varnish, ko WP Super Cache idan WordPress kake amfani da shi. Ɗayansu ne ya riƙe tsohon kwafi. Kai kuwa kana ganin sabon ne, galibi, don ka shiga da asusun mai gudanarwa, kuma irin waɗannan manhajoji ba su cika miƙa wa wanda ya shiga asusu kwafin ajiya ba.

Kada ka yi gaggawar goge komai, fara gano mai laifin tukuna. Fita daga asusunka a kwamfuta, danna F12, shiga ɓangaren Network, sake buɗe shafin, ka danna layin farko. Idan ka ga Age: 5400, wato daƙiƙa 5400, kwafin ya yi awa ɗaya da rabi a hannun wani mai ajiya na tsakiya. Idan ka ga CF-Cache-Status: HIT, Cloudflare ne ya ba da shi. In kuma da ka danna Ctrl da F5 sabon ya bayyana, to burauza ce.

Maganin yana cikin umarnin Cache-Control da sabarka ke haɗawa da kowane shafi, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ɗaya daga cikin umarnin shi ne no-cache, kuma sunansa yana yaudara, domin bai hana ajiya ba. Cewa yake a ajiye, amma a tambayi sabar kafin a nuna. Idan babu canji sai ta amsa da lamba 304 kawai, wato a nuna kwafin da ke ajiye. No-cache ɗin ne ya dace da shafin kayanka. Wanda ke hana ajiya ɗungurungum shi ne no-store, shi za ka sa wa shafin biyan kuɗi da na asusun mutum, kada wani ya buɗe ya tarar da sunan wani.

Idan kuwa sabar ba ta faɗi komai ba, burauza kan yanke wa kanta hukunci. Takan ɗauki kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da shafin ya yi ba a taɓa shi ba, wato shafin da ya kwana 10 babu canji ana iya riƙe shi kwana guda. Ina zargin daga nan "har washegari" ɗinka ta fito.

Hotuna dai ka bar su a ajiye, su ne ke sa shafi saurin buɗewa. In ka canza hoto, canza masa suna. Bayan ka gyara umarnin, sai ka goge ajiyar Cloudflare da ta manhajar sabar sau ɗaya, domin tsofaffin kwafin da tsohuwar doka suke aiki har wa'adinsu ya cika.