Ka ba da miliyan ɗaya da rabi a kan filin da ba ka san mai shi ba

Tambaya: Ina sana'ar hatsi a Nguru, jarina bai wuce naira miliyan 6 ba. Ɗan kawuna ya samo mini fili a gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa a kan miliyan 3, ya ce ana shirin dawo da jirgin fasinja daga Kano, wurin zai yi daraja. Na ba shi rabi kafin alƙalami, ba mu yi rubutu ba tunda gida ɗaya ne. In sayar da hatsi in cika kuɗin, in gina shaguna?

Amsa: Alhaji, kada ka fitar da ko buhu ɗaya tukuna. Kana tambayata maganar gini, ni kuwa hankalina yana kan kuɗin da suka riga suka bar aljihunka babu ko guntuwar takarda. Filin na wa ne? Ka ga mai shi ido da ido? Ko dai ɗan kawunka ne dillali, shi ne shaida, shi ne kuma ma'aji?

Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tiƙe a Nguru a 1930. Kaya Turawa suka biyo: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, da shanun da ake korowa daga Nijar. Saboda haka suka shata wa reluwe fili mai faɗi, na sito da gidajen ma'aikata da wurin ajiye taragu. Jirgi ya ɗauke ƙafa, ciyawa ta rufe dogo, awaki suna kwana a inuwar tasha, amma filin bai tashi daga na Hukumar Jiragen Ƙasa ba. Kuma ranar da jirgin da kake jira ya dawo, ranar ce hukumar za ta kakkaɓe taswirarta ta zo neman iyakarta.

Na gani da idona a wani gari da ba zan ambata ba. Wani mai sayar da yadi ya gina shaguna biyar a bakin layi, ya saya hannun wani da ya rantse masa gadon kakansa ne. Wata safiya ya tarar da jan fenti a bango. Da ya nemi diyya aka ce ya kawo takarda, sai ya ciro wani ɓallen littafin makaranta mai sa hannun mutum biyu, ɗaya ma ya rasu. Ƙofofi da kwanon rufi kawai ya tsira da su. Shi fa har yana da ɓallen littafi, kai ko shi ba ka da.

Batun "wurin zai yi daraja" kuwa na gaji da jinsa. Maganar dawo da jirgin nan ta sha tasowa tana kwantawa. Ko jirgin Abuja zuwa Kaduna, da yake sabo dal, ya tsaya cik wata takwas bayan harin Maris 2022, masu shaguna a Rigasa, inda tashar Kaduna take, suka zauna suna kallon juna. A ce ma naku ya dawo yana zuwa sau biyu a mako: fasinjan da ya sauka a tashar ƙarshe gida zai nufa. Hatsinka kuwa yana juyawa kowace ranar kasuwa.

Gobe ka ɗauki ɗan kawun naka ku je wurin jami'in reluwe, a nuna muku inda iyakarsu ta tsaya. In filin nasu ne, babu mai ikon sayar maka da shi. Haya suke bayarwa, da rasit ɗin hukuma. In ba nasu ba ne, mai filin ya fito da kansa gaban mai unguwa da shaidu, a duba takardunsa a ofishin filaye kafin ka ƙara sisi. Yau da dare kuma, gaban kawunka, ɗan kawun naka ya rubuta cewa ya karɓi miliyan ɗaya da rabi daga hannunka, ya sa hannu da kwanan wata. In ya ce ka raina zumunci, ka ce ya dawo da kuɗin a ajiye wurin kawu har a gama bincike.